Kada Ku Taka Mana da Takalmi

Tun da mijina Fulgencio ya rasu nake karɓar ɗalibai a ɗakin baya. Makarantar koyon Sifaniyanci da ke bayan kasuwa ce ke turo min su. Su zo da jaka a baya da hanci jajir saboda rana, su ci baƙin wakena da soyayyiyar ayaba, su yaba girkin da kalmomin da aka koya musu da safe, in sun yi 'yan makonni su rungume ni da hawaye su tafi, daga nan ba ka sake jin ɗuriyarsu. Rabin gidajen Antigua da haka muke rufa wa kanmu asiri, ba ni kaɗai ba.

Bermet ce kawai ta zo min da wani salo. 'Yar ƙasar Kirgistan ce, daga wani gari mai suna Naryn, jami'arsu ta turo ta ta yi rabin shekara a wurinmu saboda tafinta take so ta zama. Tafinta fa! Yarinyar da ta yi makonni a teburina ban ji komai daga bakinta ba sai "na gode" da "na ƙoshi". Malamarta ta tare ni a kasuwa tana cewa a rubutu babu wanda ya kama ƙafarta a duk makarantar, amma da zarar an ce ta buɗe baki sai ta daskare, wai tsoron kuskure take yi. Na ce wa malamar ni ba da takarda nake cin abinci ba, mutum nake so wanda zai yi min musu. A gida babu dabarar da ban gwada ba. Har gishiri na zuba mata a kofi da gangan don ta yi min tsiya, ta shanye tas ta ce ta gode. Haushi kamar ya kashe ni.

Ban da shirun nan ba ta da wata matsala. Musulma ce, don haka na raba tukunya, naman alade ya daina shiga tata. Kullum a zaure take tuɓe takalmanta ta jera su jikin bango kafin ta shigo tsakar gida, ko da kuwa ruwa aka yi ƙasa ta jiƙe. Na yi magana har na gaji na ƙyale ta.

Ana cikin haka azuminmu na Kirista na kafin bikin Ista ya kama, sai ga Anacleto ya shigo min gida ana cin abincin rana. Anacleto ƙanin mijina ne. Shi ya sayar da rabonsa na gidan ubansu, wanda ke manne da nawa, aka mayar da shi otal, aka ba shi manaja da wata 'yar riga mai maɓallai masu ƙyalli. Layinmu kaf ya koma otal-otal da shagunan shan kofi, ni kaɗai na rage da ke shanya wanki a tsakar gida. Shi ne kuma shugaban kwamitin layi, saboda duk layin babu mai son jin muryar kansa kamarsa.

"Matar Yaya, barka da hutawa. Ya gwiwar?"

"Gwiwata ce, tana nan inda ka bar ta. Me ya kawo ka?"

Ya ja kujera ba tare da an ba shi ba, ya ɗauki ayaba ɗaya daga faranti. Maganar darduma ce ta kawo shi. A duk ranar da coci zai fito da siffar Yesu a zaga gari da ita, kowane gida da ke kan hanya yakan shimfiɗa darduma a kan titi daidai ƙofarsa, ta garin katako da aka rina da furanni, masu ɗauke da siffar su bi ta kai. Surukata ta yi ta a ƙofar nan har ƙarfinta ya ƙare, na karɓa daga hannunta, kuma ban taɓa fashi ba ko a shekarar da na binne mijina. To bana masu otal sun haɗa kai za su yi guda ɗaya doguwa daga kan kwana zuwa kan kwana, zane iri ɗaya, har sun ɗauko ma'aikata. Ƙofata ce kawai ta tsaya musu a tsakiya.

"Ki duba fa," in ji shi, "shekaru sun ja, 'ya'yanki duk suna Amurka. Ta bara da ƙyar kika gama ta, gefen hagu ya fito kamar akuya ta yi birgima a kai. Ki huta, mu yi miki."

"Uwarka ce ta koya min wannan gefen hagun. Je ka maƙabarta ka faɗa mata."

Ya haɗiye ayabar da ƙyar. Sannan ya fito da abin da ya zo da shi. Kwamiti ya zauna, an yarda in yi tawa a zagayen Lahadi mai zuwa ta sama. Amma in aka samu wani abin kunya a ƙofata, ko rashin gamawa a kan lokaci, ko wani tsaiko, to wurin ya koma na layi, daga ranar ba ni da ta cewa.

"Kuma ke kaɗai ce, Matar Yaya. Hannu biyu ba sa yin darduma."

"Ina da hannu biyu nima."

Ni da Anacleto muka waiwaya tare. Bermet ce, cokali a hannu, fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ajiye cokalin ta ɗaga hannayen ta nuna masa kamar wadda aka ce ta kawo shaida.

"Huɗu ke nan," ta ce, ta sunkuyar da kai cikin wakenta.

Washegari muka fara. Muka kwaso buhunan garin katako daga wurin kafintoci, muka tankaɗe shi da rariya, muka rina a manyan bahuna a tsakar gida, ja daban, shunayya daban, baƙi daban, ruwan ɗorawa daban. Da ta dawo daga makaranta sai ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu har gwiwa. Ƙawata Chayo, mai sayar da furanni a kasuwa, takan biyo da yamma ta taya mu, kuma bakin Chayo ba shi da linzami. Ban san ko aikin ne ya kwance wa yarinyar harshe ba ko zagin Chayo, amma kafin mako ya ƙare na ji buhu ya faɗo mata a ƙafa ta ce masa ɗan banza mai kan kwakwa. Na yi dariya har sai da na zauna a bakin rijiya.

Da na ciro kwalayen zane daga saman kabad, waɗanda ake ɗorawa a barbaɗa launi ta cikin hudarsu, sai na tarar ɓeraye sun yi bikinsu a kai. Kurciya ta tsira, inabi ya tsira, amma na gefe duk sun zama gari. Bermet ta samo kwalin firiji daga wani shago, ta durƙusa da 'yar wuƙa, ta yanka wasu lanƙwasa-lanƙwasa masu murɗewa ciki da waje, ko zane ba ta fara yi da fensir ba.

"Wannan kuma mene ne?"

"Ƙahon rago. Kakata tana yin dardumar ulu. Kowace darduma sai da shi a gefe. Yana nufin gida mai albarka."

Daga nan ta ɓalle. Ta ba ni labarin yadda matan ƙauyensu ke taruwa su matse ulu da ruwan zafi, yadda darduma ɗaya ke cin lokacin sanyi gaba ɗaya, yadda ake ba 'ya mace ita ranar da za ta tare, ta tsufa ta mutu dardumar na nan. Tana yi tana tuntuɓe da kalmomi, tana gyarawa, ni kuwa na ci gaba da aikina don kada in tsorata ta.

Da ta gama na ce, "Tamu ba ta kai yamma, yarinya. Kin dai san za su taka ta ko?"

"Na sani, Doña Remigia. Ai don a taka ake yin darduma."

Na ji daɗin amsar nan. Na ce a raina wannan ta fi Turawan da ke tsayawa suna kuka wai an ɓata abu mai kyau. Ashe ni da ita ba abu ɗaya muke nufi ba.

Anacleto ya leƙo ana saura kwana kaɗan, wai wucewa yake. Ya tsaya a kan kwalin yana kallon ƙahonin, ya taɓe baki.

"Matar Yaya, Musulma ce za ta yi wa Ubangiji shimfiɗa? Da ƙahoni kuma? Me mutane za su ce?"

Na buɗe baki zan wanke shi, yarinyar ta riga ni.

"Ni ba sujada zan yi ba, Don Anacleto. Gidanmu zai yi baƙo, ina taya ta shimfiɗa. Kuma ka ɗaga ƙafarka, ka taka min kwali."

Ya ɗaga ƙafar kuwa. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne "gidanmu" ɗin nan da ta ce. Ɗalibai da yawa sun kira ni mama a gidan nan, babu wanda ya taɓa cewa gidanmu. Na juya na shiga kicin kamar wadda ta tuna da wani abu a kan wuta, don kada su ga idona.

Ranar Lahadi gari na wayewa muka fito, saboda zagayen sai bayan azahar zai iso layinmu. Muka jera katakai muka kewaye wurinmu, muka zuba farin gari muka cike ramukan da ke tsakanin duwatsun titi, muka daddale. Sannan muka ɗora dogon katako a kan bulo daga gefe zuwa gefe, Bermet ta hau ta kwanta rub da ciki da rariya a hannu. Ni na durƙusa a gefe ina yin inabi, gwiwar tana yi min ihu ina yi mata kunnen uwar shegu. Chayo na zagayawa tana yayyafa ruwa don kada iska ta kwashe mana aiki, tana kuma yi wa ma'aikatan otal ba'a. Su suna dama da hagu da mu, cikin riguna iri ɗaya, suna zuba fari da ruwan ɗorawa kamar masu fentin asibiti.

Kafin rana ta take mun gama. Ƙasan shunayya ce mai duhu, farar kurciya a tsakiya, inabi a kusurwoyi, sannan jajayen ƙahonin Bermet a kan baƙi sun zagaye ta suna murɗewa. Ba yabon kai ba, tun zamanin surukata ƙofar nan ba ta ga irinta ba. Baƙin otal ɗin Anacleto suka riƙa tsallake doguwar tasu suna zuwa ɗaukar hoton tamu, shi kuma yana tsaye a ƙofarsa fuska kamar wanda ya sha tsami. Bermet ta tsaya a gefena, hannayenta ja da baƙi har gwiwa, sai murmushi take.

Hayaƙin turare ne ya fara shigowa layin, sannan ƙarar ganga, sannan 'yan badujala da kiɗansu na makoki mai jan rai. Maza masu riguna shunayya suka jero ta gefe da gefe, kowa na kaffa-kaffa kada ya taɓa darduma, saboda babu ƙafar da ke hawa kanta kafin ta masu ɗauke da siffar. Can sai ga dandamalin ya karyo kwana, katako mai nauyin gaske mai tsawon mota biyu, maza jere a ƙarƙashinsa dama da hagu sun sa kafaɗa, suna tafe suna rangaji a hankali, Yesu a sama da gicciyensa a kafaɗa. Suka hau farkon dardumar otal.

Na ji Bermet ta damƙe min hannu.

"Doña, ba su cire takalma ba."

"Wane takalma?"

"Takalmansu! Da takalmi suke takawa!"

"To da me za su taka?"

Ta kalle ni kamar na zagi kakarta. Ni a lokacin ban ma gane abin da ke damunta ba. Wa zai yi tunanin gaya wa mutum cewa masu zagaye suna sa takalmi? Ita kuma wa zai gaya mata cewa akwai ƙasar da ake hawa darduma da shi? Kafin in ƙara wata kalma ta saki hannuna, ta ratsa ta tsakanin masu riguna shunayya, ta tsaya ƙiƙam a 'yar tazarar da ke tsakanin dardumar otal da tamu, ta buɗe hannayenta biyu.

"Ku tsaya! Ku cire takalmanku!"

Mutumin da ke gaba yana saita dandamalin ya zaro ido ya kaɗa ƙararrawa. Masu ɗauka suka ja birki suna rangaji a wuri ɗaya, katakon na ƙara a kafaɗunsu. Ganga ta yi shiru, kakakin badujala ya mutu ɗaya bayan ɗaya. Layi ya yi tsit, sai muryar yarinyar da ta yi makonni ba ta iya ce min kofi ya yi gishiri ba.

"Matar nan gwiwarta ba lafiya, tun safe take durƙushe! Ku dubi hannuna! A garinmu ko shugaban ƙasa ne ya zo, a bakin ƙofa yake barin takalminsa. Kun zaga duk gari, kun tako kashin doki, kun tako na kare, shi ne za ku hau mana da shi? Ku ba ku da iyaye mata ne? Kai mai gashin baki, da kai nake, kada ka matso!"

Kalmomin suna fitowa a karkace, wasu a gaba da ya kamata su zo a baya, rabinsu kuma daga bakin Chayo ta kwaso su, amma babu wanda bai gane ba har na can kan kwana. Wani dattijo daga shugabannin zagayen ya taho da sandarsa, ya tsaya a gabana ya ce a hankali, "Baiwar Allah, ki janye baƙuwarki, mutanen nan nauyi ne a kansu." Ta bayan kafaɗarsa na hango Anacleto. Murmushi yake yi. Ya ɗaga min gira, ya ce ba tare da ya ɗaga murya ba, "Shi ke nan, Matar Yaya."

Gaskiyarsa ne, shi ke nan. Tsaikon da ya fi wannan babu. Wurin surukata ya tafi tun lokacin da aka kaɗa ƙararrawar nan, kuma zuciyata ta yi min zafi. Abin da ya rage shi ne yadda zan yi da yarinyar. Ina iya fizgo ta ta hannu kamar akuyar da ta shiga gonar mutane, in ba kowa haƙuri in ce baƙuwa ce ba ta san komai ba. In na yi haka, na san bakin nan ya rufe ke nan, ba za ta sake buɗe shi da harshenmu ba. Kuma Anacleto zai samu biyu a rana ɗaya. Wannan kam ban yarda ba.

Na taka na isa inda take.

"Ba za su iya ba, 'yata. Dubi abin da ke kafaɗarsu. In ɗaya ya sunkuya, duk sun zube."

"To sai a taka aikinki da ƙazanta?"

"Za a taka. Amma ba ita za ta fara taɓa shi ba. Riƙe ni."

Na dafa kafaɗarta na tuɓe takalmana, ɗaya bayan ɗaya, a gaban duk jama'ar Antigua, na miƙa wa Chayo. Na ce wa Bermet ta cire nata. Sannan na juya ga dattijon na ce, "Ƙofata ce. Ni zan shiga gaba in nuna wa baƙona hanya."

Muka hau. Na ji layin gaba ɗaya ya ja numfashi. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye, wani ya yi ihu daga baya wai a hana mu. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba, domin tun ina yarinya ko kare ne ya nufi darduma kafin Ubangiji sai an jefe shi, yau ga ni a kai da furfurata. Na ce a raina, Ubangiji, ka san gidan nan, ka kuma san halina. Garin katakon yana da sanyi da danshi, yana shiga tsakanin yatsu. Muka bi ta gefen kurciya ba mu taka ta ba, muka fita ta ɗaya ƙarshen, muka bar sawun ƙafa huɗu a kan shunayya. Aka kaɗa ƙararrawa, ganga ta tashi, suka biyo bayanmu da takalmansu. Bermet ta juya wa titi baya ta kifa kai a bango. Kafin kiɗan ya ɓace, masu shara sun iso da shebur da motarsu, suka kwashe komai.

Da la'asar Anacleto ya tsaya a zaure, bai ma shigo ba, ya ce kwamiti ya gama magana. Daga zagayen Lahadi mai zuwa ƙofata ta layi ce. Na ce na ji, ya ja min ƙofa in zai fita.

Na tarar da Bermet a ɗakin baya tana cusa kaya a jaka, ƙafafunta har yanzu shunayya ne.

"Ina zuwa?"

"Zan ce makaranta ta canza min gida. Ni na jawo miki. Kin rasa wurin saboda ni."

"Ke kika jawo, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma zagin da kika yi wa mai gashin bakin nan, likitan haƙorina ne."

Ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa na fizge jakar na zazzage kayan a kan gado.

"Sun ce sun karɓe. Kin ji na ce na ba su? Tashi ki wanke ƙafa, akwai sauran buhu a bayan kicin, ja ne kawai ya ƙare."

Makon nan duk muka yi shi muna rini ƙofa a rufe. A kasuwa wasu suka daina gaishe ni, wasu kuma suka riƙa ƙara min tumatir suna ƙifta ido. Na je coci na faɗa wa limaminmu abin da na yi, ya yi min faɗa, na karɓa, amma da ya tambaye ni ko na yi nadama sai na ce masa kada ya sa ni yin ƙarya a ɗakin Allah.

Ranar Lahadi haske na fara fitowa muka jera katakanmu. Na ɗauko kujerar Fulgencio na dasa ta a tsakiyar titi daidai ƙofata na zauna, bahon shunayya a cinyata. Bermet ta hau katako. Da ma'aikatan otal suka iso da buhunansu sai suka yi cirko-cirko, babbansu ya tura a kira manaja. Anacleto ya fito yana ɓalla maɓallan rigarsa.

"Matar Yaya, an yanke hukunci."

"Na ji ka tun ranar. Ga ni nan, ɗauke ni."

"Kada ki sa in yi abin da ba na so."

"Yi mana. Kama ƙafar kujerar can, yaranka su kama nan. Amma ka fara ɗaga kai."

Ya ɗaga. Baƙinsa ne jere a baranda da kofin kofi a hannu ɗaya, waya a ɗaya, duk sun saita mu. Ya sauke murya ya juya kan yarinyar, wai ita baƙuwa ce, zai kai ƙararta makaranta a mayar da ita ƙasarsu.

Bermet ko ɗagowa ba ta yi daga kan katakon ba, tana ta kaɗa rariyarta.

"Ka kai, Don Anacleto. Ofishin na bayan kasuwa, sai gobe suke buɗewa. Ka ce musu na koyi magana, za su ji daɗi. Yanzu dai matsa, ka tare min haske."

Wani daga cikin ma'aikatan ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari. Anacleto ya tsaya yana kallona, ina kallonsa, ban ƙifta ba. Bai ce ya janye ba, ban kuma nemi ya ce ba. Ya juya ya shige otal ɗinsa. Babban ma'aikatan ya ɗaga kafaɗa, ya raba yaransa gida biyu, rabi dama da mu, rabi hagu.

Da zagayen ya karyo kwana da rana, muna tsaye a bakin zaure. Bermet ta kama wuyan hannuna tun suna nesa. Na ce mata in ba za ta iya ba ta shiga ciki, ta girgiza kai. Suka iso, suka hau da baƙaƙen takalmansu, suna rangaji, ƙahonin suna tarwatsewa, ja na shiga cikin baƙi, kurciya ta zama laka. Ba ta rufe ido ba, ba ta juya ba. Ƙafa bayan ƙafa ta kalle su har na ƙarshe ya sauka, farcenta na nutsewa a fatata. Masu shara suka zo suka kwashe, duwatsun titi suka fito tsirara.

"Har yanzu ban yarda ba, Mama Remi," ta ce. "Rashin tarbiyya ne."

"Na sani."

Ta saki hannuna, ta goge hanci da bayan hannu, ta bar jan layi a kumatunta.

"Dardumar zagayen ranar Juma'a da kore za mu yi gefen. Kuma mu fito da wuri, kafin ɗan banzan nan ya tashi."